Wa zai rubuta labarin dalmar Zamfara? Abin da rayuwar Helon Habila ke nuna mana

A shekarar 2010 wani ɗan arewa haifaffen Kaltungo ta jihar Gombe, Helon Habila, ya fitar da ƙagaggen labari da Turanci mai suna Oil on Water, labarin 'yan jarida biyu da suka kutsa cikin surƙuƙin ruwan Neja Delta neman wata mata da aka sace, matar wani Bature injiniyan mai. A wannan shekarar dai, nan gida, yara ke ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, ana binne su ɗaya bayan ɗaya, wasu iyayen na cewa iska ce wasu na cewa sanƙarau, ashe gubar dalma ce da ke cikin dutsen zinare. Littafin can ya zagaya duniya, yau a jami'o'i ake karantar da shi duk inda ake zancen adabi da muhalli a Afirka. Namu labarin kuwa ya tsaya a rahoton likitoci da takardun masu bincike, dukansu da Turanci, wanda uwar da ta rasa 'ya'yanta a Dareta ko 'Yargalma ba za ta taɓa karantawa ba balle ta ji an faɗi abin da ya same ta yadda ya same ta. Wannan abin yana ci min rai wallahi, kuma ina ganin in muka duba yadda mutumin nan ya zama marubuci, da yadda ya gina littafinsa, za mu gane me ya sa namu ya fi wuyar rubutawa da kuma ta inda za a ɓullo masa.

Irin labarin da nake magana a kai shi ne wanda ke riƙe ka da fargaba, ka kasa ajiye shi sai ka ga ƙarshe, akwai sata ko kisa ko wani sirri da ake bin sawunsa, amma ainihin abin da aka kashe a ciki ba mutum ɗaya ba ne, ruwan sha ne ko gona ko daji ko lafiyar gari guda. Dabarar ita ce mutane ba sa son a zaunar da su a yi musu lacca kan gurɓatar ƙasa, barci za su yi, amma ka ce musu an sace matar wani kuma ga wanda ya tafi nemanta, to za su bi ka har inda kake so, a hanya su ga rijiyar da ta mutu da kifin da ya taso saman ruwa. Marubucin kirki a wannan fannin sai ya haɗa aiki uku, ɗan jarida mai tono, da ɗalibin kimiyya mai haƙuri, da mai ba da labari wanda ya san inda zai yanke numfashin mai sauraro. Ba kowa ke haɗa su ba, shi ya sa suka yi ƙaranci ko a ƙasashen da ake sayen littafi.

Helon an haife shi a 1967. Bai fara da adabi ba, ya fara gwada karatun injiniya a Bauchi abin bai karɓe shi ba ya bari, daga baya ya shiga Jami'ar Jos ya karanta Turanci ya gama a 1995, ya koyar a kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Bauchi, sannan a 1999 ya tattara ya nufi Legas. Ga inda nake so marubutanmu na waya su kasa kunne, aikin da ya fara samu a Legas rubuta labaran soyayya ne a mujallar Hints, irin wanda 'yan mata ke saye su ɓoye a jaka. Daga nan ya koma jaridar Vanguard yana kula da shafin adabi. A 2000 ya buga tarin gajerun labaransa da kuɗin aljihunsa, babu wani kamfani da ya tsaya masa, cikin su ne ɗaya ya ci gasar Caine ta marubutan Afirka a 2001, ƙofa ta buɗe, ya tafi Ingila jami'ar East Anglia, daga baya Amurka inda yake koyar da rubutu a jami'ar George Mason. A 2015 ya samu kyautar Windham-Campbell mai dala 150,000, a 2016 kuma ya dawo ya je Chibok da ƙafarsa ya rubuta ɗan littafi kan 'yan matan da aka sace, wannan kam ba ƙage ba ne, rahoto ne.

Abu biyu na tsinta a wannan tafiyar. Na farko, labarin soyayya ba abin rainawa ba ne, makaranta ce. Wanda ya saba rubuta abin da dole mai karatu ya dawo mako mai zuwa ya ji ya aka ƙare, ya riga ya koyi rabin sana'ar, kuma mu a nan muna da irin waɗannan da yawa, galibinsu mata, waɗanda ke sakin shafi kullum a WhatsApp mutane na ta kuka a turo ci gaba. Na biyu kuma shi ne mai ɗaci, bai rubuta littafin mai ba sai da ya samu albashin jami'a da nisa daga wurin da abin ke faruwa. Ya san abin da ya faru da Ken Saro-Wiwa, marubucin Ogoni da gwamnatin Abacha ta rataye a Fatakwal ranar 10 ga Nuwamba 1995 tare da mutum 8, bayan shekarun da ya yi yana faɗa da ɓarnar kamfanonin mai. Duk marubucin Najeriya da zai taɓa zancen arzikin ƙasa da wanda ke cin sa, da wannan ranar a ransa yake rubutu.

A cikin littafin nasa akwai wani likita da ya daɗe a wani ƙauye, ya ga mutanen gari sun yi murna ranar da aka kunna musu wutar gas mai ci dare da rana don ta ba su haske, daga baya dabbobi suka fara mutuwa sai mutane, ya ɗebi ruwa da jini ya gwada ya aika wa kamfani da hukuma sakamako, aka rufe masa baki da kuɗi aka ajiye takardun. Wannan wurin ne ya fi tsaya min, domin ya nuna cewa mutanen gari ba waliyyai ba ne kuma ba wawaye ba ne, sun so abin da ya kashe su ne saboda talauci ya sa ya yi musu kama da ci gaba. Amma duk da haka Helon yana da wani sauƙi da namu marubucin ba zai samu ba. A Delta akwai kamfani mai suna da tambari da ofis da bututu, tun da aka samu mai a Oloibiri a 1956 kowa ya san wa ke haƙa. Lokacin da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahotonta kan ƙasar Ogoni a 2011 ta ce gyaran zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30, kowa ya san ƙofar da za a je a buga. Mai labari yana da mugun da zai nuna da yatsa.

To zo Zamfara ka gani. Bayan rikicin tattalin arzikin duniya na 2008 farashin zinare ya yi ta hawa, daga wajen dala 800 kowane oza har ya haura 1,200 a 2010, ya kusa 1,900 a 2011. Manomin da gero da dawa ba sa kai shi ƙarshen shekara ya ga maƙwabcinsa ya shiga rami wata biyu ya fito ya sayi babur ya yi rufin kwano, me kake so ya yi. Aka yi rashin sa'a jijiyar dutsen da aka faɗa a kai a wancan lokacin cike take da dalma. Ana fasa dutsen da guduma, a kai injin niƙa irin dai na gari, a niƙa shi a bushe, ƙura ta turnuƙe, sannan a wanke a sa zaiba ta kama zinaren a ƙona. Kuma da yake mata na cikin kulle su ma suna son su samu na kashewa, sai aka riƙa kawo buhunan dutsen cikin gida, a daka a turmi, a shanya a tsakar gida, wani wurin turmin da aka daka dutse da safe shi za a daka hatsi da yamma. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da injin nan ya san yadda abin yake, mai injin fari fat tun daga gira har ƙafa, ya ɗaure hanci da tsumma ko ma bai ɗaure ba, yara na zagaye da shi suna jiran a ba su aike, ga mai tallan fura ta ajiye ƙwaryarta a gefe ƙurar na sauka a kan faifan.

Abin da ya sa yara suka fi mutuwa ba wani sirri ba ne. Yaro mai rarrafe hannunsa na ƙasa, daga ƙasa sai baki. Jikin yaro yana zuƙar dalma ninki 4 zuwa 5 na abin da jikin babba ke zuƙa, in kuma yana fama da ƙarancin abinci abin ya fi muni, domin jiki na ɗaukar dalmar a matsayin sinadarin kalsiyam mai gina ƙashi, ya shigar da ita jini da ƙwaƙwalwa, ya adana saura a ƙashi da haƙori shekara da shekaru, har yarinya ta girma ta yi ciki dalmar ta fito daga ƙashinta ta shiga jikin ɗan da ke cikinta. In ta yi yawa ƙwaƙwalwa ta kumbura, sai amai, sai jijjiga, sai suma, sai rasuwa. Wanda ya tsira wani ya makance wani ya kurumce wani ya tashi ba ya riƙe karatu, a yi ta dukansa a makarantar allo ana cewa daƙiƙi ne.

Yanzu dubi yadda aka gano abin, ka gaya min in akwai marubucin da zai ƙago abin da ya fi wannan riƙe zuciya. Agwagi ne suka fara ɓacewa a ƙauyukan, ba wanda ya kawo komai a ransa. A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci na gari na kowa, wato MSF, suna zagayen sa ido kan sanƙarau sai suka ci karo da sabbin kaburburan yara da yawansu ya wuce hankali. Aka ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, aka ba da na sanƙarau, yara ba su daina mutuwa ba. Sai da wani ya lura da niƙan dutsen aka ɗebi jini aka aika waje. Da masu bincike na hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka ta Amurka suka zo suka bi gida gida a ƙauyuka biyu, suka tarar cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara 5, guda 118 sun rasu a cikin shekara ɗaya, wato ɗaya cikin huɗu, kuma mafi yawansu sai da suka yi jijjiga kafin su cika. Na'urar gwajin jinin da ake yawo da ita iyakar abin da take iya karantawa 65 ne, yara da yawa in aka sa jininsu ba ta ba da lamba sai dai ta nuna abin ya wuce ma'auninta. A wasu gidajen dalmar da ke cikin ƙasar tsakar gida ta haura 100,000 a ma'aunin da Amurka a lokacin ta ɗauki 400 a matsayin iyaka. A jihar gaba ɗaya aƙalla yara 400 suka tafi.

Sai kuma zancen Bagega, wani gari a ƙasar Anka, wanda shi kaɗai littafi ne. Maganin da ake ba yaran, wani ƙwaya ne da ke kama dalmar ya fitar da ita ta fitsari, ba ya da amfani in yaro zai koma ya ci gaba da rarrafe a ƙasar da ta sa masa cutar, saboda haka dole a fara kankare saman ƙasar kowane gida a kwashe a binne a zubo sabuwa. An yi wa ƙauyuka 7 haka tsakanin 2010 da 2011, irin su Dareta da Abare da Sunke da Tungar Daji. Bagega ta fi su girma, aka bar ta tana jiran kuɗin gwamnatin tarayya, yara wajen 1,500 na zaune da guba a jini likitoci na kallo ba halin fara magani. Sai da wasu matasa ƙarƙashin Hamzat Lawal suka tayar da ƙura a intanet suna bin diddigin kuɗin, sannan a farkon 2013 aka saki kimanin dala miliyan 4 aka yi aikin. Ga agogo na tafiya, ga damina na matsowa wadda in ta sauka aiki ya tsaya, ga fayil na yawo daga tebur zuwa tebur a Abuja. Duk kayan haɗin labari mai fargaba suna nan a zube.

Wahalar tana wuri ɗaya, kuma ita ce zuciyar maganata. A wannan labarin gubar ba a bututun kamfani ta zo ba, a buhu ta zo, a bayan babur ɗin uban yaron, shi ya sauke ta a tsakar gida da hannunsa yana murna Allah ya kawo buɗi, uwar ta daka da hannunta da goyo a bayanta. Ka yi tunanin daren da za ta tashe shi ta ce, Malam tashi, yaron ga jikinai na rawa, shi kuma ya miƙe ya ɗauko rubutu da hayaƙi domin iyakar saninsa kenan, buhun da ya kashe ɗan na jingine a bakin ƙofa. Ya za ka rubuta wannan ba tare da ka mayar da bawan Allah nan mugu ko jahili ba? Malalacin marubuci hanya biyu zai bi, ko ya ƙago wani Bature ko ɗan Sin mai baƙar zuciya ya ɗora masa komai mu kuma mu fito fes, ko ya zauna a Gusau ko Kaduna yana yi wa ƙauyawa faɗa kan jahilci. Duka biyun ƙarya ne. Akwai ma iyayen da suka riƙa ɓoye mutuwar 'ya'yansu don tsoron kar a hana haƙar, kuma in ka tambayi mai haƙa zai kalle ka ya ce, to Malam in mun bari mi za mu ci? Wannan tambayar ba ta da amsa mai sauƙi, littafin da bai ɗauke ta da nauyinta ba bai cancanci a karanta shi ba.

Mafita a ganina ita ce marubucin ya bar kallon ramin kawai ya bi zinaren. Yaron da ke cikin rami da tocila ɗaure a goshi shi ne mafi ƙarancin samu. Sama da shi akwai mai rami, akwai wanda ya ba da kuɗin abinci da kayan aiki bisa sharaɗin shi za a sayar wa, akwai mai sikeli a bakin kasuwa da ke yanka farashi yadda ya so, akwai dillalin birni, akwai wanda ke tsallaka iyaka da shi ta Nijar ko wata maƙwabciya har ya dire a Dubai, inda ba mai tambayar daga wane tsakar gida ya fito. A kowane mataki kuɗin na ƙaruwa ƙurar na raguwa. Ga kuma doka, tsarin mulki ya ce duk ma'adinin ƙasa na gwamnatin tarayya ne, dokar ma'adinai ta 2007 ma haka ta ce, lasisi daga Abuja yake fitowa, saboda haka mutumin da aka haifa a kan dutsen shi ne ɓarawo a idon doka, wanda bai taɓa taka garin ba kuma shi ke da takarda. Tunda aikinsa haram ne a hukumance ba mai zuwa ya koya masa niƙa da ruwa don kashe ƙura ko ya ce masa ya yi wanka ya canza kaya kafin ya shiga gida, sai bayan an yi asarar rayuka aka fara wannan. Muguntar a rarrabe take, kowa ya ɗauki 'yar kaɗan wadda ba za ta hana shi barci ba, kuma aikin mai labari shi ne ya tattaro ta wuri guda mai karatu ya gan ta a dunƙule.

Daga nan kuma bindiga ta shigo. A Nuwamban 2016 'yan bindiga suka kashe masu haƙa sama da 30 a wani wurin haƙa a ƙaramar hukumar Maru. A Afrilun 2019 gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara gaba ɗaya tana cewa akwai alaƙa tsakaninta da ta'addancin daji, a Maris 2021 aka hana jirage shawagi a sararin jihar, amma duk wanda ke nan ya san ramuka ba su rufe ba, sai dai masu karɓar kaso suka canza, wurare da dama sai da izinin masu daji ake shiga. A 2020 da aka ji Babban Banki zai sayi zinaren naira biliyan 5 daga Zamfara, 'yan Neja Delta suka tashi suka ce in haka ne su ma a bar musu mansu. Ni ban ga laifinsu ba, ciwo ɗaya ne ke damun mu da su, sai dai su sun daɗe da samun masu faɗa musu nasu.

To me ya hana marubutanmu? Ba rashin baiwa ba ne ko kaɗan. Tun gasar rubutun Hausa ta 1933 a Zariya har zuwa adabin kasuwar Kano na shekarun 1980 da 1990, har zuwa yau da littafi ya koma cikin waya, ba a taɓa rasa masu iya riƙe mai karatu ba. Matsalar farko kuɗi ce. Marubuciyar da ke sayar da littafinta 'yan ɗaruruwan naira a guruf, kafin ta kai rabi wata ta kwafe ta watsa kyauta, da me za ta yi wata shida tana bincike, ta je Anka ta zauna da matan da abin ya shafa, ta nemi ma'aikacin jinya ya fahimtar da ita yadda maganin ke aiki? Dole ta rubuta abin da ta sani a zaune, kishiya da gidan masu kuɗi da auren dole, kuma ba na zarginta. Matsala ta biyu tsoro ne, kuma tsoro na gaskiya. Hanyar Anka zuwa Bagega ba hanyar da mutum zai bi don neman kayan labari ba ce a shekarun nan. Helon yana Amurka ya rubuta nasa, namu marubucin yana Tudun Wada a Gusau, kowa ya san gidansu, kuma mai sikelin da zai zana a littafi wataƙila sahu ɗaya suke sallar Juma'a. Ta uku kuma tarbiyyarmu ce ta kunya da kawaici, ba ma son tono mutuwar yara, an ce haƙuri an ce ƙaddara an rufe. Imani da ƙaddara gaskiya ne, amma bai taɓa hana a tambayi wanda ya riƙe kuɗin gyara ba.

Nan ne ƙagaggen labari ya fi rahoton jarida amfani. Ɗan jarida dole ya kama suna ya kawo hujja, marubucin labari kuwa zai iya ƙirƙirar gari da hakimi da Alhajin da babu su, ya faɗi gaskiyar da ta fi ta rahoto zurfi ba tare da ya ce wane ne ba. Zai iya shiga ɗakin matar nan da ɗan jarida namiji ba zai taɓa shiga ba. Shi ya sa nake ganin mace ce ta fi dacewa da wannan aikin, ko ma'aikaciyar lafiya ko malamar makaranta 'yar yankin, wadda ta san yadda ake magana a gidan rasuwar yaro da abin da ba a faɗa. Kuma da Hausa, Hausar ma ta nan, yadda in an karanta a rediyo ko an ɗora sautin a YouTube matan Bukkuyum za su ji muryarsu, su kuma gane cewa ƙurar da ke kan rigar maigida in ya dawo daga rami ita ce abin gudu. Takardar faɗakarwa ba ta kai wannan saƙon inda labari zai kai shi. Gasa irin Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016 ta nuna akwai mata masu iya ɗaukar magana mai nauyi, sai dai gajeren labari ne, wannan kuwa yana son fili da kuma wanda zai ɗauki nauyin binciken, ko jami'ar tarayya ta Gusau ko masu shirya gasar littafi ko wani mai hali da ke son a tuna da shi da abin kirki.

Ba dalma kaɗai ba ce ma. Ga madatsar Bakolori da aka gama a 1978, manoma suka rasa gonaki suka nemi diyya suka tare hanya, a Afrilun 1980 aka tura musu 'yan sandan kwantar da tarzoma aka kashe mutane, har yau tsofaffin yankin Mafara da Maradun na ba da labarin da ƙaramar murya. Ga Kebbi, inda madatsar Kainji ta tashi dubban mutane a ƙasar Yawuri a ƙarshen shekarun 1960, ga ambaliyar 2020 da ta shanye shinkafar fadama ana dab da girbi, ga zinaren Yawuri da ya ja samari daga ko'ina. Ga dazuzzukan da aka yanka aka raba gonaki aka toshe burtali, wanda duk mai neman asalin rikicin manoma da makiyaya sai ya bi ta kansu.

Amma na dalma ya fi gaggawa domin bai wuce ba. A 2015 ta ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja ta kashe yara 28. MSF ta gwada yara sama da 8,000 a Zamfara kafin ta miƙa aikin ga hukumomin jiha a 2022. A Disamban 2024 gwamnatin tarayya ta ɗage haramcin haƙa, a 2025 farashin zinare ya haura dala 4,000 kowane oza, wato ya ninka na 2010 fiye da sau uku, kuma a shekarar an sake jin rahoton gubar a yankin Bungudu. Duk dalilin da ya sa uba ya ɗauko buhu ya kawo gida a wancan karon yana nan, ya ma ƙaru, ga noma ya gagara a wurare da yawa saboda rashin tsaro, ga 'yan gudun hijira da ba su da wata sana'a sai bakin rami, da yawansu kuma ba su nan lokacin da aka yi ta faɗakarwa kan niƙa da ruwa da raba kayan aiki da cikin gida.